Wa Zai Leƙa Littafin Ɗan Kasuwa? Ƙididdiga da Rufin Asiri a Gaya da Ajingi

A kasuwar Gaya ko ta Ajingi kana iya tambayar mai rumfa farashin tiyar gero, ka tambaye shi inda ya saro kaya, har ku yi kukan tsadar mota tare. Amma ka ce masa, "Alhaji, nawa kake ciniki a wata, jarin kuma ya kai nawa?" sai fuska ta canja. Amsar ba ta wuce "Alhamdu lillahi, ana lallaɓawa." In kuma ya hango takarda da biro a hannunka, ko ya ga kana latsa waya yana magana, shi zai koma yi maka tambaya: "Samari, wa ya aiko ka? Me za a yi da shi?"

Yana da hujja, kuma hujjar tsohuwa ce. Tun kafin zuwan Turawa sarautar Kano tana karɓar kuɗin ƙasa daga manoma, kuɗin karofi daga marina, jangali daga makiyaya. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sai suka ƙara wa abin alƙalami. Aka baza malaman taki suna auna gonaki, ana rubuta magidanta unguwa-unguwa, ana yanka wa kowane gari harajinsa, mai unguwa da dagaci su tara, hakimi ya kai baitulmali. Wanda ya kasa biya ya san abin da ke biyo baya, shi ya sa wasu ke barin gari, Fulani kuma ke kora shanu daji idan lokacin ƙirga ya matso. Sai a 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a jihar Kano, Balarabe Musa ya yi haka a Kaduna. Shekara fiye da arba'in ke nan, amma abin da iyaye suka koya wa 'ya'yansu bai goge ba: idan hukuma ta rubuta sunanka da dukiyarka, ba da jimawa ba za ta dawo karɓa. Yau kuma tsoron ya yi rassa. Akwai mahassada, akwai dangi masu zuwa rance, akwai maƙwabcin rumfa da kuke sayar da kaya iri ɗaya, ga kuma masu garkuwa da mutane, waɗanda labarin kuɗin wani shi ne abin da suke farauta.

Ita ma hukuma tana da tata hujjar, kuma bai kamata a raina ta ba. A Afrilun 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ƙarƙashin Dakta Yemi Kale, ta sabunta ma'aunin tattalin arzikin Nijeriya, ta bar shekarar 1990 da take kwatance da ita ta koma 2010. Sai ga shi tattalin arzikin ya kai kimanin dala biliyan 510, kusan ninki biyu na abin da ake zato, har ya wuce na Afirka ta Kudu. Babu wanda aljihunsa ya ƙaru a ranar. Abin da ya fito fili shi ne, ƙasa ta shafe shekara ashirin da ɗoriya tana tsara kasafi da ma'aunin da kusan bai san da wayar salula ba, bai san da harkar fina-finai ba. A 2025 aka sake sabuntawa zuwa shekarar 2019, aka kuma nuna cewa sana'o'in da ba su da rajista sun haura kashi 40 cikin 100 na abin da ƙasa ke samarwa. Gwamnatin da ba ta san yawan injinan niƙa da na casar shinkafa da shagunan walda a yanki ba, da ƙyar ta san wane layi ya fi buƙatar taransifoma, ko wace hanyar kasuwa ya kamata a fara zuba wa kwalta.

To me aka sani game da Gaya da Ajingi? Kaɗan ƙwarai. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe ita ce ta 2006, wadda ta ba Gaya mutum kimanin dubu 200, Ajingi kimanin dubu 174. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Binciken da NBS ta yi tare da hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i, SMEDAN, ya ce ƙanana da matsakaitan sana'o'i a Nijeriya sun kai miliyan 41.5 a 2017, suka sauko zuwa miliyan 39.6 bayan annobar korona, amma irin wannan bincike a matakin jiha yake tsayawa. Babban binciken talauci na 2022, wanda ya ce mutum miliyan 133 ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, ya yi ƙoƙari ya sauko har mazaɓar sanata. Sai dai Kano ta Kudu ƙananan hukumomi 16 ce, tun daga dajin Falgore har iyakar Jigawa, don haka mai masara a Doguwa da mai gero a Toranke ta Ajingi lamba ɗaya aka zuba su. Gaya, garin da tarihi ke cewa daga cikinsa maƙeran Abagayawa suka tashi neman tama har suka sauka a Dala, yau da wuya ka sami takardar hukuma da aka wallafa wadda za ta gaya maka maƙera nawa ke aiki a cikinsa.

Wannan duhu yana da farashi, kuma da naira ake biyansa. A Oktoban 2024 gwamnonin Arewa da sarakuna suka taru a Kaduna suka ƙi amincewa da yadda aka so a raba harajin VAT. Tushen rigimar maganar bayanai ce. Mutumin Shagogo ta Gaya ya sayi katin waya, ya sayi siminti da kwanon rufi, ya biya kashi 7.5 cikin 100 a cikin farashin, amma kamfanin da ya karɓa hedikwatarsa na Legas, a can kuma yake miƙa kuɗin, sai takarda ta nuna kamar Legas ce ta samar da shi. Dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, waɗanda manyansu suka fara aiki a Janairun 2026, sun tanadi cewa kashi 30 cikin 100 na rabon jihohi zai bi inda aka yi amfani da kayan. Wannan tanadi ba zai yi aiki ba sai kamfanoni sun faɗi inda suke sayarwa, kuma wata hukuma ta iya tantance abin da suka faɗa. Ga kuma hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Shugaban ƙaramar hukumar da kuɗi ya zo hannunsa alhali bai san sana'o'in mutanensa da alƙaluma ba, da jita-jita da matsin 'yan siyasa zai yi kasafi.

Daga nan ne shawarar musayar bayanai ta taso, kuma a kan takarda tana da kyau. Bayanai da yawa suna nan a aljihun teburan gwamnati, kowace hukuma ta rungume nata. Hukumar rajistar kamfanoni, CAC, tana da sunaye da adireshi da irin sana'a. Hukumar haraji ta tarayya, wadda aka sauya daga FIRS zuwa NRS, tana da cinikin da kamfanoni suka bayyana. Hukumar haraji ta jihar Kano tana da nata. Kwastam ta san abin da ya shigo da abin da ya fita, Babban Banki ya san kuɗin da ke bi ta na'urorin POS, ofishin kuɗin shiga na ƙaramar hukuma kuma yana da rasit ɗin rumfuna. NBS tana karɓar wasu daga ciki a dunƙule, shi ya sa take iya fitar da rahoton VAT da na cinikin ƙasashen waje duk wata uku. Abin da masana ke so ya wuce dunƙulallen adadi: a haɗa waɗannan takardu a gina rajista guda ta wuraren sana'a, wadda ake sabuntawa kullum. Amfaninta a fili yake. Idan kana son ka zaɓi shago ɗari su wakilci dubu, dole ka fara sanin dubun. Ingila ta daɗe tana gina irin wannan rajista daga bayanan VAT da na harajin albashi, Afirka ta Kudu tana ɗibar nata daga hukumar harajinta, Denmak kuwa tun 1981 take fitar da ƙidayar jama'arta daga rajistoci ba tare da bin gida-gida ba. Kuɗi ya ragu, ɗan kasuwa kuma ya huta da ma'aikata biyar masu zuwa da tambaya ɗaya.

Sharaɗin da ke riƙe da wannan gini guda ɗaya ne, kuma a ganina duk sauran bayansa suke: bayani ya tafi ta hanya ɗaya. Daga ofishin haraji zuwa ofishin ƙididdiga, an yarda. Daga ofishin ƙididdiga zuwa na haraji, ko na 'yan sanda, ko na gwamna, haram. Kamar asusun ƙasa ne da yara ke tara kwabo a ciki: akwai bakin sakawa, babu na zarowa, ranar da aka fasa kuma jimla ake gani, ba a san wane kwabo ne ya shiga wace rana ba. Ƙa'idojin ƙididdigar hukuma da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara a 1994, babban zaurenta ya amince da su a 2014, sun tsaya a kan haka, cewa abin da aka karɓa daga mutum ko kamfani don ƙididdiga sirri ne kuma don ƙididdiga kaɗai za a yi aiki da shi. Yarjejeniyar ƙididdiga ta Tarayyar Afirka ta 2009 ta bi sahu. Dokar Ƙididdiga ta Nijeriya ta 2007, wadda ta kafa NBS, ta wajabta wa ma'aikata rantsuwar riƙe sirri, ta hana fitar da bayani ta yadda za a gane mai shi, ta kuma tanadi hukunci.

Wani zai ce, to idan ofishin ƙididdiga ya ga attajirin da ke cinikin miliyoyi bai biyan ko sisi, ya kama bakinsa ke nan? E, ya kama bakinsa. Hukumar haraji tana da nata ikon bincike, 'yan sanda suna da hanyar kotu, kowa ya bi tasa. Ranar da aka kama mutum ɗaya a Gaya da amsar da ya bai wa ma'aikacin ƙididdiga, kafin kasuwa ta sake ci labarin ya kai Wudil da Albasu, kuma daga ranar duk amsar da za a samu ƙarya ce. An ci ribar harajin mutum ɗaya, an yi asarar gaskiyar dubbai na shekaru masu yawa.

Amurka ta ga fuska biyu na wannan lamari. A 2002 majalisarta ta yi dokar da ta bai wa hukumomi uku, ta ƙidaya da ta ƙididdigar ƙwadago da ta nazarin tattalin arziki, damar musayar bayanan kamfanoni a tsakaninsu, tare da hukuncin ɗaurin da ya kai shekara biyar ko tarar dala dubu 250 ga ma'aikacin da ya fallasa. Duk da haka dokar haraji ta ci gaba da taƙaita wanda zai taɓa bayanan da suka samo asali daga takardun haraji, har musayar ta kasa cika yadda aka so. Wannan taka-tsantsan yana da tarihi. A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, majalisar ta sassauta dokar sirrin ƙidaya, hukumar ƙidaya ta ba da bayanan unguwannin da Amurkawa 'yan asalin Japan ke zaune, aka tsare mutum kimanin dubu 120 a sansanoni. Sai a shekarar 2000 shugaban hukumar ya nemi afuwa. Majalisar da ta yi doka tana iya warware ta a ranar tsoro, shi ya sa mafi aminci shi ne kada a ajiye suna inda ba a buƙatarsa tun farko. Kanada kuma a 2018 hukumar ƙididdigarta ta nemi bayanan bankin gidaje dubu 500. Tana ganin doka ta ba ta dama, amma ba ta fara yi wa jama'a bayani ba, sai a kafafen labarai suka ji. Aka yi ca, ta dakatar.

Sai dai akwai wata wahala da ta fi shafar Gaya da Ajingi fiye da Legas ko Kantin Kwari, kuma ita ce ake yawan tsallakewa. A ƙaramin gari goge suna ba ya rufa asiri. A ce a mazaɓar Kademi gidan mai ɗaya ne, sai aka wallafa jadawali mai cewa cinikin gidajen mai a Kademi naira kaza ne a shekara. Ba a ambaci kowa ba, amma yaron da ke tallan rake ma ya san na wane ne. A ce kuma masu injin casa biyu ne a mazaɓar Balare, jadawali ya ce cinikinsu a haɗe miliyan 30. Ɗayansu ya san nasa miliyan 12 ne, ya ɗebe, ya san na ɗan uwansa 18. Saboda haka ne ofisoshin ƙididdiga da yawa ba sa wallafa gurbin da wuraren sana'ar da ke cikinsa ba su kai uku ba. Ko sun kai goma ma akwai sauran tarko. Idan 'yan hatsi goma ne amma mutum ɗaya ke riƙe da kashi tara cikin goma na cinikin, jimlar kusan tasa ce, don haka ita ma a ɓoye ta. Bayan an ɓoye kuma sai a duba gefe: Ajingi mazaɓu goma ce, idan ka rufe gurbin ɗaya ka bar tara tare da jimlar ƙaramar hukuma, duk ɗan firamaren da ya iya ɗebewa zai fito da abin da ka rufe. Dole a rufe na biyu, ko a haɗe mazaɓu biyu, ko a ba da adadin tsakanin kaza da kaza. Amurka a ƙidayarta ta 2020 har ta kai ga cusa 'yan ƙananan sauye-sauye a alƙaluman ƙananan yankuna da gangan, don kada a iya bin sawu zuwa gida ɗaya, ƙananan garuruwa kuma suka koka cewa lambobinsu sun gurɓace.

A nan buƙatu biyu suke karo, kuma babu dabarar da za ta kawar da karon gaba ɗaya. Iya yadda jadawali ya sauko kusa da unguwa, iya amfaninsa ga kansila da shugaban ƙaramar hukuma, iya kuma haɗarinsa ga mai shago. Abin da na ga ya fi dacewa shi ne a raba abu biyu. Yawan wuraren sana'a, wato teloli nawa, masu walda nawa, injinan niƙa nawa, ana iya faɗinsa a matakin mazaɓa, domin abu ne da ido ke gani. Ciniki da jari da bashi kuwa su tsaya a matakin ƙaramar hukuma, a kuma dunƙule sana'o'i masu kama da juna. Malaman Jami'ar Bayero ko na Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil da ke buƙatar zurfafa bincike, a yi musu irin abin da Afirka ta Kudu ta yi a Pretoria, inda masu bincike ke shiga keɓaɓɓen ɗaki a baitulmalin ƙasa su yi aiki da bayanan haraji da aka cire wa sunaye, ba sa fita da komai sai sakamakon da aka duba aka tabbatar ba ya nuna kowa.

Akwai kuma ma'aikacin da ke riƙe da na'urar ɗaukar amsa. Sau da yawa ɗan gari ake ɗauka aikin wucin gadi, domin ya san lungu kuma ana sakin jiki da shi. Amma shi ɗin ƙanen wani ne, surukin wani ne, gobe kuma a majalisar shayi zai zauna. Rantsuwar da aka yi a Abuja ba ta da amfani idan ba ta iso kansa ba. Haka mai unguwa: in bai raka baƙo ba ba a buɗe masa ƙofa, in kuma ya tsaya a wurin ana amsa tambaya, mai shago zai auna kowace kalma. Gyaran ba mai tsada ba ne. Mai unguwa ya gabatar, ya ce "Malam, baƙonmu ne, aikin gwamnati ne, ba na haraji ba," sannan ya ja da baya inda ba zai ji ba. Ɗan Gaya ya yi aiki a Ajingi, ɗan Ajingi a Gaya. Na'urar kuma ta kulle amsa da zarar an tura ta.

Tara bayanai wuri ɗaya yana jawo ɓarayi, wannan ma a faɗe shi. A 2024 'yan jarida da ƙungiyar Paradigm Initiative sun bankaɗo shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Nijeriya masu alaƙa da lambar NIN a kan kuɗi ƙalilan, har naira ɗari, ko da yake hukumar NIMC mai bayar da lambar ta ce ba a fasa rumbunta ba. A Disambar shekarar NBS da kanta ta sanar cewa an yi wa shafinta kutse. Dokar Kare Bayanai ta 2023 da hukumar NDPC da ta kafa ci gaba ne, sashe na 37 na tsarin mulki ma ya kare sirrin ɗan ƙasa. Amma dokar bayanan mutum take karewa, kuma a birni ana iya raba mutum da kamfaninsa. A Ajingi shagon shi ne mutumin: lambar wayarsa ce, asusun bankinsa ne, ƙofar gidansa ce. Duk bayanin ƙaramar sana'a ya kamata a riƙe shi da tsaurin da ake riƙe bayanin mutum. A ƙara da masu shagunan kwamfuta da ke yi wa jama'a rajista, waɗanda kwafen NIN da BVN na rabin gari ke kwance a na'urorinsu ba tare da wani ya taɓa koya musu yadda ake tsare su ba.

Ko da an toshe duk waɗannan kafofi, akwai abin da ya fi damuna. Musayar bayanai tana ganin wanda ya riga ya shiga takarda ne kawai, tattalin arzikin Gaya da Ajingi kuwa mafi yawansa bai taɓa shiga ba. Baturiya Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta Katsina a shekarun 1960, daga baya a Dorayi, ta nuna yadda ciniki mai yawa ke gudana a cikin gidaje ta hannun matan aure, yara na kai da kawowa, ba tare da ya taka kasuwa ba. Har gobe haka ne. Mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, mai daddawa, mai fura, mai ɗinkin hula, uwar adashi da ke juya kuɗin mata talatin, babu ɗayansu a CAC. Haka manomin da ke zama ɗan hatsi da kaka, ɗan cirani da rani, dillalin awaki ranar kasuwa. Lokacin da CAC ta tilasta wa masu POS yin rajista a 2024 an sami ƙarin sunaye, amma yanki ne ƙarami. Idan gwamnati ta ga rajista ta fi araha ta rage aika ma'aikata ƙauye, Legas da Fatakwal za su ƙara girma a takarda, Gaya ta ƙara ƙanƙancewa, rabo kuma takarda yake bi. Saboda haka kuɗin da aka tsimi a birni ta hanyar musaya, ƙauye ya kamata a kai shi, a yi irin ƙidayar wuraren sana'a da NBS ta yi a 2020 da ta noma ta 2022 a kai a kai, da mata ma'aikata da za su iya shiga cikin gida. Sarkin kasuwa, sarkin pawa, shugabannin direbobi da na 'yan acaɓa da ƙungiyoyin manoma duk sun san adadin mutanensu. A karɓi adadi a wurinsu, a bar musu sunayen.

Wani abin da ke ɓata lissafi shi ne tallafi. Da aka zo da TraderMoni a 2018 ana raba naira dubu goma-goma, kowa so yake a rubuta shi ɗan kasuwa. Da maganar sabon haraji ta taso, aka ce lambar NIN ce za ta zama lambar harajin mutum, sai jita-jita ta cika gari cewa za a riƙa zarar kuɗi daga asusu, duk da cewa dokar ta yafe wa wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira dubu 800 ba. Rajistar da ke kawo kyauta tana kumbura, wadda ke kawo karɓa tana motsewa. Ta ƙididdiga dole ta nisanci duka biyun, ma'aikacinta kuma ya faɗa tun a bakin ƙofa cewa bai zo da komai ba kuma ba zai tafi da komai ba.

Yanzu da ake haɗa NIN da BVN da rajistar CAC da lambar haraji, lokacin shata iyaka ne, kafin bututun su gama haɗuwa. Duk yarjejeniyar da za a ƙulla tsakanin NBS ko Hukumar Ƙididdiga ta Jihar Kano da wata hukuma a rubuta ta a wallafa, da Hausa, a karanta a Rediyon Kano da Freedom: wane bayani ne zai wuce, wa zai gan shi, shekara nawa za a ajiye shi. Kowane ma'aikacin da ya buɗe fayil na'ura ta rubuta sunansa da lokaci. Wanda ya fallasa a gurfanar da shi a bainar jama'a, domin hukuncin da ba a taɓa ganin an zartar ba ba ya tsorata kowa. Sakamakon kuma ya dawo inda aka ɗebo shi, ko da shafi ɗaya ne a manne a sakatariyar Gaya da ta Ajingi, mai injin niƙa ya ga cewa amsarsa ta shiga lissafin da aka kai wa masu raba wuta.

Mataki mafi wuya yana hannun Majalisar Dokokin Jihar Kano. Wata rana wani mai iko zai ɗaga waya ya nemi shugaban ofishin ƙididdiga ya turo masa jerin manyan 'yan kasuwar wata ƙaramar hukuma, ko don haraji, ko don neman gudummawar zaɓe, ko don a san wanda ke ɗaukar nauyin 'yan adawa. Shugaban da za a iya cirewa da takarda ɗaya ba zai iya cewa a'a ba. Doka ta ba shi wa'adi tsayayye, ta sa cire shi sai da amincewar majalisa, kasafin ofishinsa ya riƙa fita ba tare da ya je roƙo ba, ta kuma mayar da neman irin wannan jeri laifi a kan mai nema kamar yadda yake laifi a kan mai bayarwa.